Obangiji a Bakin Bututu: Sauraron Fela Sowande daga Avédji

Duk majalisar da ka zauna a Lome ka ambaci sunan Fela, mutum ɗaya za a kawo a rai: Anikulapo Kuti, mai busa ƙaho tsirara daga shi sai ɗan kamfai, wanda ya sha artabu da sojojin Nijeriya. To ba shi nake nufi ba. Akwai wani Felan da ya girme shi da shekara 33, shi ma a Abekuta aka haife shi, shi ma Landan ya tafi ya karanci kiɗa, amma shi kwat ya sa ya zauna gaban ogan ɗin coci. Sunansa Fela Sowande, an haife shi ranar 29 ga Mayu 1905, ya mutu ranar 13 ga Maris 1987 a wani ƙaramin gari da ake kira Ravenna a jihar Ohayo ta Amurka. Kusan shekara guda ke nan ina sauraron kaɗe-kaɗensa, kuma har yau ban gama rigima da shi a raina ba.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, Bahaushen Zongo da kiɗan majami'a. Amsar tana da sauƙi: kunne ba shi da ƙyaure. Ina yaro, tun kafin a rushe tsohon Zongo a 1977 a mayar da mutanenmu can arewa da gari, mahaifina yana da tebur na huluna da carbi da turare a gefen Asigame, babbar kasuwa, jifa kaɗan daga babbar cocin Katolika da Jamusawa suka gama ginawa a 1902. Ran Lahadi kasuwa ba ta cika, sai ya bar ni in tsare teburin. Ban taɓa sa ƙafata cikin ginin nan ba, kuma bai taɓa sai da ya hana ni ba, na san iyakata. Amma akwai wani sauti da ke fitowa ta tagoginsa wanda ba ya neman izinin kowa. Ba a kunne kaɗai nake jin sa ba, har a ƙirji, kamar babbar mota ta tsaya a bayanka ba a kashe ta ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ya yankewa. Mai kakaki yana tsayawa ya ja numfashi, mai sarewa ma haka, amma wannan abu sai ya riƙe sauti ɗaya har in ƙirga ashirin bai numfasa ba. Shekaru da yawa bayan haka, ina zaune nan Avédji ina lalube a YouTube, sai idona ya faɗa kan wani kiɗa mai suna Obangiji. Na ce kai, wannan ai kalmarmu ce aka karkata mata baki. Na danna, sai ga sautin nan na ƙuruciya.

Kalmar tamu ce kuwa. Yarabawa sun ari Ubangiji daga bakin Hausawa kamar yadda suka ari albasa da wahala da lafiya, suka ce Obangiji, kuma da yake oba a harshensu sarki ne, sai kalmar ta zauna musu daram kamar dama tasu ce. Uban gida ya zama sarki a hanya. Fatake ne suka kai ta kudu, Kiristocin Yarabawa suka sa ta cikin waƙoƙin ibadarsu, Sowande ya ɗauki ɗaya daga cikin waƙoƙin ya gina kiɗan ogan a kanta, wani kamfani a Landan ya buga shi a takarda a 1955. Tafiyar kalma ke nan daga zauren Bahaushe zuwa ɗakin ɗab'i a Ingila.

Ga wanda bai taɓa ganin ogan na ainihi ba, kada ya ɗauka irin fiyanon nan ne na lantarki da cocin unguwarmu ke jonawa da lasifika su hana mu barci. Ogan na asali ɗaki ne guda na bututu, ɗaruruwa ko dubbai, wasu ƙanana kamar alƙalami, wasu sun fi mutum biyu tsawo. Kowane bututu sauti ɗaya tak yake da shi. A ƙarƙashinsu akwai zugazugi irin na maƙera, sai dai ƙato, yana tara iska. A da mutum ke zuga shi, yanzu inji. Makaɗin yana zaune gaban jerin madannai hawa biyu ko uku ko huɗu na hannu, ga wani jerin a ƙasa da yake takawa da ƙafa, shi ne mai ba da sautin nan da ke girgiza ƙirji. Ya danna, ƙofar bututu ta buɗe, iska ta shiga. Ya ɗaga, ta rufe. A gefensa akwai wasu marufai da yake ja ko turawa don ya zaɓi wane rukunin bututu zai yi magana, mai kama da sarewa, ko mai kama da kakaki, ko duka gaba ɗaya. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk gardamar da zan yi a kansu take. Na farko, numfashin ogan ba ya ƙarewa, ya fi na mai algaita da ke tara iska a kumatu. Na biyu, ba ya lanƙwasa. Ko ka danna a hankali ko da ƙarfi, sautin bututun shi ne dai, ba ya hawa ba ya sauka ko da ƙwayar gero. Ka kwatanta da kalangu, wanda makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata ya sassauta, sautin ya yi ta zamewa sama da ƙasa har ya kira sunanka da na ubanka.

Sowande a cikin wannan sauti ya buɗe ido. Mahaifinsa Emmanuel Sowande limamin cocin Angilika ne kuma mai kiɗan coci. Yaron ya shiga 'yan waƙar babbar cocin Christ Church ta Ikko, ƙarƙashin T.K.E. Phillips, mutumin da ya karanci kiɗa a Landan ya dawo ya riƙe ogan ɗin cocin shekaru masu yawa. A wurinsa ya ji kiɗan Bach da na sauran Turawa, a wurinsa kuma ya ga ana ƙoƙarin sa Yarabanci cikin ibada ba tare da an karya shi ba. A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kuɗi suka gaza, kiɗa ya ciyar da shi. Nan ne rayuwarsa ta yi wani lanƙwasa da masu yabonsa ba su cika tsayawa a kai ba: ɗan limami ya zama makaɗin gidajen rawa. Ya kaɗa jaz, ya yi fiyano a wasan Blackbirds na 1936, ya raka mawaƙiya Adelaide Hall da ogan ɗin lantarki na Hammond har suka yi fayafayai tare. Da rana kuma yana karatu wurin malamai irin su George Oldroyd da George Cunningham. A 1943 ya ci jarrabawa mafi girma ta ƙungiyar makaɗan ogan ta Ingila, har da kyaututtuka, a lokacin da baƙar fata ko ɗakin haya yana wahalar samu a birnin. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai ogan kuma shugaban 'yan waƙa a Kingsway Hall, cibiyar 'yan Metodis a tsakiyar Landan. Zauren nan ya yi suna wajen daɗin amo, har kamfanonin faifai suka mayar da shi wurin ɗaukar sauti, duk da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wucewa yana ɓata musu aiki da gurnaninsa. Mafi yawan kiɗan ogan da muka san shi da su a wannan zango aka haife su.

Yanzu ga matsalar da ya gada. Yarabanci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa, kamar Ewe da maƙwabtanmu ke yi a nan. Mu ma mun san wuya na jiki daban da wuya ta wahala, kuka na ido daban da kuka ta miya, ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Da 'yan mishan suka zo, sai suka fassara waƙoƙin cocinsu zuwa Yarabanci suka bar karin Turanci yadda yake. Inda kalma ke son hawa, kari ya ja ta ƙasa. Inda take son sauka, ya ɗaga ta. Jama'a na rerawa da zuciya ɗaya, amma abin da ke fita bakinsu wani lokaci ba shi da ma'ana, wani lokaci ma abin dariya ne. Waɗanda suka fara gyara wannan su ne irin su Rabaran J.J. Ransome-Kuti, kakan wancan Felan mai ƙaho, wanda ya riƙa tsara waƙoƙin ibada a kan karin gida har ya je Landan a 1922 aka ɗauke su a faifai, da kuma Phillips ɗin da na ambata. Su kari suka sa ya bi kalma. Sowande ya zo ya ɗauki irin waɗannan kare-karen da aka riga aka daidaita da harshe, ya cire kalmomin gaba ɗaya, ya miƙa wa bututu. Fatansa shi ne Bayarabe da ya ji zai ji kalmomin a ransa ko ba a furta su ba, kamar yadda muke jin kirari a bakin kalangu, Bature kuma zai ji ginin kiɗa irin wanda ya saba girmamawa.

Shin ya yi nasara? A kan Obangiji, wanda shi ya jawo ni, hukuncina rabi da rabi ne. Kiɗan yana buɗewa da ƙarfi, da kira irin na fada, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gidan sarki ranar hawa ya ji kakaki da farai sun tashi tare zai gane abin da ake nufi: mai girma na tafe, a gyara tsayuwa. Wannan ya dace da sunan, kuma ogan ya iya shi fiye da kowane abin kiɗa. Amma da karin waƙar ya shigo, sai in ji an yi masa rakiyar da ta fi ƙarfinsa. Kari ne mai sauƙi, irin wanda tsohuwa za ta iya rerawa tana tsintar shinkafa. Sowande ya kewaye shi da tarin sautuka masu nauyi irin na cocin Ingila na zamanin da ya yi karatu, kowane taki an ɗora masa kaya. Abin ya tuna mini da yaron ƙauye da aka naɗa sarauta, aka sa masa riga uku da alkyabba da rawani: kyau kam ya yi, amma ba ya iya waiwaye. Gwanintar ba ta da shakka. Mutumin ya san bututu kamar yunwar cikinsa, ya san inda zai sa ƙafa ta ɗauki kari hannu ya yi ado a sama, ya san yadda ake tara amo har zaure ya cika. Abin da nake tuhuma shi ne wa yake son ya gamsar. A wurare da dama ina jin kamar kunnensa ɗaya yana wajen malaman da suka ba shi shahada a 1943, yana nuna musu cewa ba abin da suka iya da bai iya ba.

Ba na faɗin haka don raini. Wanda bai zauna a ƙasar da ake shakkar ko yana da ƙwaƙwalwa ba, bai kamata ya yi saurin zargin wanda ya zauna ba. Amma hujjar rayuwa daban, abin da kunne ke ji daban.

Inda ya fi kama ni shi ne inda ya sassauta. K'a Mura gajere ne, a natse, karin yana tafiya a fili ba a danne shi ba, kuma a nan doguwar numfashin ogan ta zama alheri: sauti ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, karin yana takawa a kai. Mai goge ya san wannan dabara, mai algaita ma ya sani. Yoruba Lament kuwa, wato makoki, shi ne wanda na fi komawa gare shi. Ba ya gaggawa, duhunsa na gaske ne, kuma ko da ya kumbura ya yi ƙarfi ba don burga ba ne, kamar kukan babban mutum ne da ya daɗe yana dannewa. A nan ban damu da ko na Ingila ne ko na Abekuta ba, domin ya daina tambayar kowa izini. Oyigiyigi, wanda ya gina a kan wata waƙa da asalinta daga bautar gargajiyar Yarabawa take kafin coci ta ɗauke ta, ya fi su buri: ya kawo karin, sannan ya yi ta juya shi ta fuska daban-daban. Wasu juyin suna da daɗi ƙwarai, wasu kuwa aikin makaranta ne, irin wanda ɗalibi ke yi don a ga ya iya. Ni da zan yanke biyu ko uku daga ciki ba zan yi asara ba.

Abin da ogan ya kasa ba shi, kuma ya sani, shi ne ganga da amshi. Waƙar Afirka ta yamma, tamu da ta Yarabawa da ta Ewe, zance ce tsakanin mai bayarwa da masu karɓa. Ka cire 'yan amshin Narambaɗa ka bar shi shi kaɗai, ka cire kotso, ka ga abin da zai rage. Makaɗin ogan mutum ɗaya ne, bayansa ma yake juya wa jama'a. Yana iya kwaikwayon amshi, ya yi kira a hawa ɗaya na madannai ya amsa a wani, kuma Sowande yana yin haka da kyau, amma mutum ne ke amsa wa kansa. Ga kuma amon zaure: ginin dutse yana riƙe sauti ya daɗe yana yawo, don haka duk wani kiɗa mai sara da tsinke irin na ganga sai ya cakuɗe ya zama kunu. Dole ya lafa, ya daidaita taki, ya bar abin da ke sa ƙafa motsi.

Shi ya sa a ganina aikinsa da ya fi lafiya ba na ogan ba ne. African Suite ne, wanda ya tsara a 1944 don gungun masu gogen Turawa, manya da ƙanana, kashi biyar. Goge yana lanƙwasa, yana iya tsalle, yana iya yin shiru farat ɗaya. Kuma a nan akwai abin da ya shafe mu mutanen wannan gaɓar teku, domin kashi biyu daga ciki, Joyful Day da Onipe, a kan karin Ephraim Amu ya gina su. Amu mutumin Peki ne a ƙasar Ewe ta ɓangaren Gana, an haife shi 1899, kuma shi ne wanda aka raba da aikinsa na koyarwa a kwalejin Akropong a farkon shekarun 1930 saboda ya hau mumbarin coci da zanen gargajiya kuma ya nace sai an shigo da ganga. Ka ga mutum biyu, ciwo ɗaya, magani daban: Amu ya tuɓe kwat ya ce coci ta karɓe shi da zanensa, Sowande ya bar kwat ɗinsa ya ɗinka wa waƙar gida irinta. Kashi na ƙarshe, Akinla, kiɗan hailaif ne tsagwaronsa, kuma a nan ne tsohon makaɗin gidan rawa ya leƙo daga bayan mai ogan yana murmushi. Ba mamaki shi ya fi yawo a duniya. Wani shirin rediyon Kanada ya yi shekaru da yawa yana amfani da shi a matsayin takensa. Mutanen can sun san karin kamar sunansu, mu da muke kwana ɗaya a mota daga Abekuta ba mu taɓa ji ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Babbar hujjar masu rubuta kiɗa a takarda ita ce dawwama. Suna cewa waƙar baka tana mutuwa da mai ita, amma abin da aka rubuta ko bayan shekara ɗari wani zai ɗauka ya kaɗa daidai. Gaskiya ne, ba wanda zai iya maimaita Shata, kuma abin da ya rage mana na Narambaɗa 'yan fayafayai ne masu ƙara. Amma duba yadda abin ya kasance. Shata da bai rubuta ko ɗigo ba yana cikin wayar kowane ɗan zemijan Bahaushe a garin nan. Sowande da ya rubuta komai dalla-dalla yana buƙatar ɗaki guda na bututu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da mai gyara da zai yi yaƙi da gishirin iskar teku da gara, da makaɗin da ya yi shekara goma yana koyo. Nawa ne irin wannan tsakanin Ikko da Akara? Ana ƙirga su da yatsu. Saboda haka yawancin masu kaɗa shi yau suna Amurka da Ingila. Takardar ta dawwama, amma a gida bebiya ce.

Akwai wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, Estoniya, da labarinta ya sa na gane cewa laifin ba na ogan ba ne shi kaɗai. Su ma manoma ne da suka daɗe ƙarƙashin iyayen gida Jamusawa da sarakunan Rasha, su ma ta coci ogan ya zo musu. Ɗan wani ma'aikacin coci a ƙauyen Käina, Rudolf Tobias, wanda aka haifa a 1873, ya tafi Santa Fitasbag ya yi karatu wurin Rimsky-Korsakov, ya riƙe ogan ɗin cocin 'yan ƙasarsa a birnin daga 1898 zuwa 1904, ya tsara wani babban aiki a kan ƙissar Annabi Yunusa wanda aka fara gabatarwa a Laifzig a 1909 bai samu karɓuwa ba, ya mutu a Balin a 1918. Shi ma a ƙasar wasu ya ƙare, kamar Sowande. Amma daga baya ƙasarsa ta tono aikin nan aka sake kaɗa shi, ta kuma sa hotonsa a takardar kuɗinta ta kuron 50, da hoton ogan ɗin ƙauyensu a gefe. Bambancin shi ne a can kowane ƙauye yana da bututunsa da ƙungiyar mawaƙansa, abin aron ya riga ya zama na gida. A nan bai taɓa sauka daga manyan cocin birane ba.

Mu a Togo muna da namu misalin ta wata fuska. Alex Casimir Dosseh-Anyron, malamin kiɗa ɗan Vogan, daga gidan da ya ba Lome babban bishop ɗinta Robert-Casimir Dosseh-Anyron, shi ya tsara taken ƙasa da aka ɗauka a 1960. A 1979 aka ajiye shi aka kawo na jam'iyya, muna makaranta aka sa mu koyon sabo, sai a farkon shekarun 1990 aka maido shi, tsarin mulkin 1992 ya tabbatar. Karinsa na Turai ne sak, irin na coci da fareti, ba wanda zai ce ga Ewe ko Kabiye a ciki. Amma na ga dattawa Musulmi da Kirista suna rera shi da hawaye lokacin da ya dawo. Ya zama namu ne don mun sha wuya tare da shi, ba don asalin karinsa ba. Kiɗan Sowande bai samu wannan ba. A shekarar da Nijeriya ta samu 'yanci ya tsara Folk Symphony domin bikin, amma taken ƙasar da aka ɗauka wasu mata biyu 'yan Ingila ne suka yi shi, ɗaya kalmomi ɗaya kari.

Ya koma gida a 1953 ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, kuma daga nan hankalinsa ya fara juyawa. Ya shiga tattara kaɗe-kaɗen gargajiya da maganganun masu Ifa, ya yi bincike a Jami'ar Ibadan, ya yi rubutu a kan hikimar Yarabawa. Bayan 1960 sabon kiɗa ya yi ƙaranci daga hannunsa. A 1968 ya koma Amurka ya koyar a Jami'ar Howard, sannan Pittsburgh, sannan Kent State, ba a matsayin gwanin ogan kaɗai ba, a matsayin mai bayyana tunanin Afirka ga jikokin bayi. Ni ina karanta wannan shiru nasa a matsayin hukuncin da ya yanke wa kansa. Mutumin da ya kai ƙololuwa a sana'ar wasu, ya waiwaya ya ga abin da ya bari a gida ya fi zurfi fiye da yadda ya zata, sai ya ajiye alƙalamin kiɗa ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya zauna gaban tsofaffi. Wannan fahimtata ce, wani yana iya cewa aiki ne ya yi masa yawa.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne fiyano. Yau kusan duk waƙar Hausa da ke fitowa daga situdiyon Kano da Kaduna da Yamai, ta fim ce ko ta siyasa ko ta bege, a kan madannan Yamaha ake gina ta. Madannan nan jikokin ogan ne: sautuka goma sha biyu a jere, kowane a kafe, ba wanda ke lanƙwasa. Gogen Bahaushe da kukuma da muryar mawaƙin fada suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin madanni da madanni, kuma da zarar an ɗora waƙa a kan fiyano sai a ja su zuwa mafi kusa, a kuma bi muryar da na'ura a goge abin da ya rage. Ga Hausa ma akwai ƙari, domin waƙarmu a kan tsawo da gajartar gaɓa take tsayawa, kuma takin inji ba ya jira gaɓa mai nauyi ta gama sauka yadda makaɗin kalangu ke jiran bakin ubangidansa. Ramin da Sowande ya gani ke nan tun shekara tamanin da suka wuce. Shi aƙalla ya san abin da yake sayarwa da abin da yake saye, ya auna, ya yi asara a wani wuri ya ci riba a wani. Yaranmu da yawa ba su ma san an yi ciniki ba.

Kwanan baya na kai wayata wurin wani dattijo a unguwarmu, tsohon makaɗin mahauta ne, yanzu hannu ya yi rawa ya ajiye gula. Na ce, "Baba, ga wani kiɗa ina so ka ji, sunansa Obangiji." Ya ce, "Ubangiji dai, ɗana." Na ce haka masu shi suke faɗa. Ya kara a kunne ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sai da aka zo wajen da ƙafa ke ɗaukar kari ya ɗan gyaɗa kai. Da ya ƙare ya tambaye ni mutum nawa ne ke busawa. Na ce mutum ɗaya ne, kuma ba busawa yake ba, dannawa yake. Ya yi shiru, ya ce, "To ina makaɗansa?" Na ce babu. Sai na sa masa Akinla. Ba a yi nisa ba na ga yatsunsa biyu sun fara taɓa gwiwa, yana cike gurbin gangar da ba a sa ba, kuma da ya ƙare ya ce in mayar masa da shi daga farko.